Wace kalma za mu ba zapateado da Hausa?

Malama Binta: Assalamu alaikum. A makarantun firamare na Meziko, aji-aji ake shirya rawar gargajiya a yi wa iyaye a filin makaranta, musamman ranar 10 ga Mayu, wato Ranar Uwa, da 20 ga Nuwamba ta tunawa da juyin juya halin 1910, da bikin rufe shekarar karatu. Da Sifaniyanci suna ce mata bailable, kuma "rawar 'yan makaranta" ta wadatar. Wadda ta gagara ita ce zapateado, dukan ƙasa da takalmi daidai da kiɗa. Wasu na rubuta "buga ƙafa", amma Bahaushe na jin haka zai ɗauka yaron rigima yake yi.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. "Taku" ma bai isa ba, don kowace rawa da takunta. A nan sautin ake nema. Takalmin yaron da kansa ganga ne: ana jera ƙananan ƙusoshi a gabansa da dundunniyarsa, a goge kawunansu su yi sumul. Duka uku ake fara koya masa, na tafin ƙafa gaba ɗaya, na dundunniya, da na gaban ƙafa. Daga nan sai takun uku-uku, dama hagu dama, hagu dama hagu, na farko ya fi ƙarfi. Ni "kiɗan ƙafa" nake gani.

Hajiya Rabi: Malam Sani, ka kawo kiɗa, ka yi daidai, amma ƙafar ce ban yarda da ita ba. Masu rawar Aztek, ta 'yan asalin ƙasar, a can suna ɗaura 'ya'yan itace masu caccaka a idon sawu, kamar yadda 'yan koroso ke ɗaura nasu. Wannan ma kiɗan ƙafa ne, alhali ba zapateado ba ne. Tushen kalmar zapateado shi ne zapato, ma'anarta takalmi. Me zai hana mu ce "kiɗan takalmi"?

Malam Sani: Hajiya, to "kiɗan dundunniya" fa? Ya fi daɗi a baki.

Hajiya Rabi: Ya fi daɗi, amma zai koyar da kuskure. Yaron da ya zaci dundunniya kaɗai ke aiki zai jingina baya, ya sandare gwiwa, duk dukan ya hau gwiwarsa da ƙugunsa. Ana so gwiwa ta ɗan lanƙwashe, ƙirji a miƙe, ido a gaba, motsin duk daga ƙugu zuwa ƙasa. Kuma kada wani ya kawo "kiɗan ƙusa". A rawar tsofaffi ta jihar Micowakan, wadda yara ke yi da fuskar tsoho da sanda da malafa mai kirtani kala-kala, takalmin fata ne mai ƙasan katako.

Malama Binta: Na karɓi "kiɗan takalmi". Tana shiga jimla ba gargada: ana koya wa 'yan aji uku kiɗan takalmi, kiɗan takalminsa ya fita tsaf. Saura faldeo, abin da 'yan mata ke yi da siket a rawar jihar Halisko.

Malam Sani: Wannan ba wuya, "kaɗa siket". Siket ɗin mai faɗi ne ƙwarai, idan aka shimfiɗa shi da'ira yake yi, wani ma da'ira biyu, an yi masa layi-layi da kirtani. Yarinya ta kama bakinsa a hannu biyu, ta buɗe hannuwa, tana zana takwas a iska. Idan ya yi mata tsawo, dundunniyar takalmi kan kama bakinsa ta faɗi, shi ya sa ake gwada shi da takalmin rawar a ƙafa kafin a kalmashe.

Hajiya Rabi: Ƙari ɗaya ga mai fassara. A jihar Berakurus kan dandamalin katako ake yin kiɗan takalmi, suna ce masa tarima, ƙasansa fayau don ya ba da amo. Filin makaranta kuwa galibi siminti ne, sautin ba ya tashi sosai, ƙusa kuma tana santsi. Yaro da bai ji dukansa ba sai ya ƙara ƙarfi da sauri, ya wuce kiɗan, sauran su bi shi. Don haka malamai ke sa su ƙirga da baki tun a gwaji. Tarima a rubuta "dandamalin katako", kada a ce "fage", don fage ƙasa ce.