Aikin gwajin manhaja a kamfanin tallar waya, mi ya kamata in sani kahin intabiyu?

Dan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara ni ka nema. Na ƙare HND ɓangaren kwamfuta na yi bautar ƙasa, ina zaune gida sai nig ga ana neman ma'aikacin QA, wato mai gwajin ingancin manhaja, na matakin hwarawa, daga gida a ka yi, kamfanin masu saka talla cikin manhajojin waya na. Sunka ce ba sai ka iya rubuta kod ba, gwaji da hannu na. To ni dai ban gane ba, wai biyana za a yi in zamna ina danna talla? Don na san yaran unguwarmu da anka ci ma kuɗin rajista da irin wagga magana. Kuma wayata Tecno ta, ga wuta ga netiwok kun dai san halin da mu ka ciki.

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wancan na danna talla a biya ka damfara ce, wannan kuma aiki ne na gaske, hasali ma in ka je kana danna talla ta gaske a manhajar kamfani Google na iya rufe musu asusun AdMob, wato tsarinsa na saka talla a manhaja, gaba ɗaya, shi ya sa ake amfani da tallar gwaji wadda ba ta cin kuɗin kowa.

Abin da za ka yi shi ne, masu kod su gama nasu su miƙo maka, kai kuma ka nemo inda abin zai lalace kafin ya kai hannun jama'a. Misali bidiyon nan da ake cewa ka kalla a ba ka tukuici cikin gem. Za ka kalla har ƙarshe ka ga an ba ka, sai ka sake ka rufe a tsakiya ka ga ko an ba ka bayan bai kamata ba, ka kashe data ana cikin yi, ka sa wani ya kira ka, ka juya wayar kwance, ka fita ka shiga WhatsApp ka dawo. Sannan tallar da ke rufe allo duka, shin alamar rufewa ta fito kuwa ko mutum ya maƙale sai ya kashe waya? Ƙaramar tallar ƙasan allo mai girman 320x50 ba ta hau kan madanni ba?

Amma inda kuɗin yake shi ne ƙidaya. Duk tallar da ta bayyana akwai saƙon da waya ke turawa saba, wato babbar kwamfutar kamfani, cewa an gani, in ya tafi sau biyu an caji mai talla sau biyu, in bai tafi ba mai manhaja ya yi asara, kuma da ido ba za ka gani ba don a allo komai lafiya lau, sai ka haɗa wayar da laftof ta manhajar Charles Proxy kana kallon saƙonnin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya wannan ya wuce rabin masu neman aikin. Maganar Tecno kuma kar ta dame ka, mutanen da ke gwaji da tsadaddun wayoyi a ofis mai AC ba sa ganin abin da kai za ka gani a waya mai RAM 2GB da ta ɗau zafin watan Afrilu na Sakkwato, ka faɗi haka ma a intabiyun.

YarGawonNama:
Ƙari kan na Malam, ka koyi rubuta rahoton matsala don shi za su fi dubawa. Kada ka rubuta "talla ba ta aiki" ka yi shiru. Wace waya, wane Android, mi ka danna na farko da na biyu, mi ya kamata ya faru, mi ya faru, sai hoton allo ko bidiyo. Yawanci a Jira, manhajar bin diddigin matsaloli, ake sawa kuma akwai na kyauta, buɗe ka yi ta koyo da kowane gem da ke wayarka. Ka yi rajista uTest ma, shafin da ke ba masu gwaji aiki, ka samu abin nunawa. Shirin koyar da fasaha na 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara 2023 akwai ɓangaren QA ciki. Satifiket na ISTQB, na masu gwajin manhaja, matakin farko tambaya 40 ne, 26 ake nema ka ci, amma ni ban ba ka shawarar ka kashe kuɗinka kai yanzu ba, bari aikin shi biya maka.

Bn_Umar_Arkilla:
Ni abin da ad damuwata daban na. Tallar caca da giya da matan banza hwa? Mutum shi wuni shina kallon wanga abu da sunan aiki, ƙaƙa halaccin kuɗin?

Abu_Sumayya:
Tambaya ce mai kyau Malam Bn Umar, hukuncin dai na malamai ne. Abin da na sani mafi yawan yini tallar gwaji kake gani, kuma akwai wurin toshe rukunin talla irin su caca, gwada cewa toshewar na aiki ma cikin aikin yake. Dan_Mabera ya tambaye su su wane ne kwastomominsu tun kafin ya sa hannu, in kamfanonin caca ne suka fi yawa ya san abin yi.

Dan_Mabera:
Allah shi saka da alheri, hankalina ya kwanta. Amma sun rubuta iOS cikin abin da su ka so kuma ni ban taɓa riƙa iPhone ba yaya.

Abu_Sumayya:
Ari ta aboki na yini ɗaya ya isa ka saba da ita. Abin da za su iya tambaya, tun iOS 14.5 a 2021 dole manhaja ta nemi izini kafin ta bibiyi mutum, in ya ce a'a lambar tallarsa wato IDFA sifili zalla take zuwa, to ka gwada duka biyun, da ya yarda da bai yarda ba, ka ga talla na fitowa. Kuma ranar intabiyu ka cika fawa banki ka tanadi layi biyu.