Farautar 'yan kwaminisanci: doka ce ko zalunci?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum malamai. Farautar 'yan kwaminisanci da aka yi a Amurka zamanin Sanata Joseph McCarthy, wanda ya yi ta zargin mutane da kwaminisanci, doka ta yarda da ita kuwa? In ma ta yarda, hakan ya wanke ta?

Lauyan Gyaɗi-Gyaɗi: Wa alaikumus salam. Ta wani gefen, e. Dokar Smith ta 1940 ta haramta kira ga kifar da gwamnati da ƙarfi. Da ita aka ɗaure shugabannin jam'iyyar kwaminisanci ta Amurka su 11, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da hukuncin a 1951. Sai a 1957, a shari'ar Yates, kotun ta ce koyar da aƙida daban, tunzura mutane su tashi su aikata daban. Daga nan yawancin ƙararrakin suka mutu.

Amma ba a kotu aka fi ɓarna ba. Umarnin Shugaba Truman na 1947 ya sa a binciki biyayyar ma'aikatan gwamnati. A kira ka gaban kwamiti, ba za a faɗa maka wanda ya kai sunanka ba, balle ka yi masa tambaya. Ƙungiyar da ka taɓa shiga in tana cikin jerin da babban lauyan gwamnati ya fitar, ka shiga uku. Da yake kora ce ba ɗauri ba, sai aka tsallake ƙa'idojin shari'a. A ganina nan zaluncin yake.

Malamin Tarihi, Fagge: Barista, a yi adalci dai, akwai 'yan leƙen asiri na gaske. Saƙonnin Venona, wato saƙonnin sirri na Sobiyat da Amurka ta warware, waɗanda aka fitar a 1995, sun nuna wani Ba'amurke, Julius Rosenberg, ya yi wa Tarayyar Sobiyat aiki. Sai dai masu warware saƙon sirri ne suka gano irinsu, ba ihun McCarthy ba. Shi majalisar dattawa ma ta tsawatar masa a 1954, ƙuri'a 67 da 22.

Hajiya Mai Nazari: Ku duba faɗin ma'anar da ake ba laifin. Dokar Afirka ta Kudu ta 1950 ta shimfiɗa "kwaminisanci" har ya haɗiye masu adawa da wariyar launin fata, da ita aka samu Mandela da laifi a 1952. Mu ma nan Kano, 'yan NEPU ba 'yan kwaminis ba ne, amma En'e ta sha kai su gaban alƙali kan taro ba izini, ga shi lauya ba ya shiga kotun alƙali a lokacin.