Allurar ƙyanda a sansani, in sake kai yaro?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, muna sansanin gudun hijira a Monguno, masu rigakafin ƙyanda sun zo, ɗana an masa tun yana wata 9 amma katin ya ɓata wajen gudu, in an sake ba illa?

Malamin Asibiti: Hajiya ki kai shi, ba illa wallahi. Dama sau biyu ake yi, wata 9 da wata 15, don ta farko ba kowane yaro take kamawa ba.

Yaya Babba: Ƙyanda iska take bi, a cunkoson tanti yaro ɗaya ya yi tari sai layin duk su kamu, ga yunwa, wasu har ido take taɓa musu. Kuma allurar kyauta ce fa.

Maman Biyu: Na gode, gobe da sassafe insha Allah.