Tsohon lambun unguwarmu: shinge za mu fara ko taki?

Mai Zogale: Assalamu alaikum. Akwai wani tsohon lambu a bayan firamaren unguwarmu nan Kaduna, tsamiya biyu da ɗorawa da kanya, duk tun na kakanni. Mu bakwai ne ke aikin gayya a ciki duk Asabar. Tunda ruwa ya zauna a watan Yuni, rama da yakuwa sun fito, rassan zogalen da muka kafa sun yi toho, kuɓewa ta kai gwiwa. Naira 40,000 kacal muka tara. Mu kewaye da waya ne, ko mu sayi taki? Rijiya muna da ita.

Ɗan Kawo: Wa'alaikumussalam. Ku fara haƙa rijiya, rani na nan tafe.

Mai Zogale: Malam, ai na ce akwai rijiya.

Uwar Marayu: Taki mana. Buhun kashin kaji 3,000 na saya a wata gona ta hanyar Zariya. Sai dai a bari ya ruɓe tukuna, ɗanye ƙone shuka yake yi.

Ɗan Rigasa: Hajiya, yaushe rabonki da saye? Makon jiya 5,500 aka ce mini, ban da kuɗin mai keke.

Tsohon Direba: Ku bar maganar taki, ku ji nawa. Shekara uku muna rainon irin wannan lambun, ni da wasu dattawa. Irin kuka sai da muka jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsiro, na riƙa ɗauko ruwa a jarka da bazara har bayana ya riƙe. Rana ɗaya, bayan sallar Juma'a, awakin maƙwabci suka shiga. Ko kututturen zogale ba su bari ba, har ɓawon suka ɓare. Na je masa, ya ce wai dabba ba ta da hankali. Na ce mai ita fa? Muka kafa dirkoki, gara ta cinye. Muka sa waya, aka kwance ta cikin dare. Yau shaguna ne a wurin. Ko ta layin ba na bi.

Uwar Marayu: Allah Ya ba da haƙuri, Baba.

Ɗan Samaru: Baba, da bini-da-zugu kuka dasa, awaki ba sa cin sa. Reshe ake kafawa yanzu da damina ya kama, ko sisi ba za ku kashe ba. Sai dai a hana yara cin 'ya'yansa, guba ne. Aikin gona na karanta a Samaru.

Tsohon Direba: Yaro, kafin shingen naka ya yi kauri akuya ta gama kalaci. Takarda daban, fartanya daban.

Ɗan Samaru: To Baba, shekara uku da fartanyar me ta hana?

Ɗan Kawo: Kai, ka girmama furfura.

Sarkin Zolaya: Mafita ɗaya ce: ku sayi wuƙa da tukunya da kuɗin. Duk akuyar da ta shigo, ga yakuwa nan a kusa, sai ɗan yaji.

Ɗan Rigasa: Ni akuya ba ta dame ni ba kamar masu gawayi. Ɗorawar da muka taso muna shan garinta a bakin rafi, da asuba aka sare ta. Itacen da ya girmi ubana, ya koma buhu-buhu.

Uwar Marayu: Wallahi haka aka yi wa manyan itatuwan layinmu, wai ana faɗaɗa kwata. Yanzu da azahar ba inda tsoho zai zauna. Amma fa gas ya yi tsada, da me talaka zai dafa?

Ɗan Samaru: Hajiya, tsadar gas ba ta halatta sare ɗorawa mai ba da daddawa ba.

Mai Zogale: Jama'a, Asabar jibi ce. Waya ko taki?

Ɗan Rigasa: Nawa ake sayar da buhun gawayi yanzu a wajenku, Hajiya?