Karanta wa yara labari a bayyane: yana ƙara musu fahimta?

Malama, Birni: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji biyu a makarantar boko a nan Damagaram. Shin idan na riƙa karanta musu labari da babbar murya kowace safiya, hakan zai gyara sauraronsu, ko kuwa ɓata lokacin darasi ne?

Malam, Zango: Wa alaikumus salam, Malama. Yana da amfani ƙwarai, domin yaro yana fahimtar abin da kunnensa ya ji tun kafin idonsa ya iya haɗa baƙaƙe. Sai dai yaranmu da Hausa suke tashi a gida, kuma Faransanci ne ke jiransu a aji, saboda haka ki fara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Hausa, ki dakata a tsakiya ki tambaye su abin da suke zaton Gizo zai yi, sannan ki koma gajeren labari da Faransanci.

Hajiya, Sabon Gari: Na yarda da Malam, amma ajin da ya cika maƙil yana buƙatar dabara. Ki tsaya a tsakiyarsu, ki sauya murya ga kowane mai magana, daga baya yaro ɗaya na bayan aji ya maimaita labarin da bakinsa.