Me za mu kira "net metering" da Hausa? Ni dai na tsaya kan "rancen wuta"

Jama'a, ku taya ni da wannan. Masu haɗa sola a nan Garwa sun fara jin zancen wani tsari da Turawan Ingilishi ke kira net metering, takardun Faransanci kuma su ce facturation nette. In ka ce musu a faɗa da Hausa, sai kowa ya shiga kame-kame.

Ga abin da ake nufi. Mai shago ya ɗora farantan sola a kan kwano, kuma yana da layin kamfanin wuta. Da rana farantan sun ba da kilowat-awa (awon wutar da mita ke ƙirgawa) 10, firiza da fanka sun ci 6. Sauran 4 ɗin sai su bi waya su fita, maƙwabta su sha. Da dare ya jawo 5 daga layi. A ƙarshe ana cire 4 daga 5, ya biya kuɗin 1 kawai.

Sunan farko da aka kawo shi ne "mita mai komawa baya". Ban karɓa ba. Tsohuwar mita mai faifai ce ke juyawa baya, ta yanzu mai katin kuɗi ba ta da abin juyawa. Wasunsu ma in wuta ta fita ta cikinsu sai su lissafa ta kamar sha aka yi, su cinye maka kuɗi. Ban da haka, duk wanda ya ji an ce mitar wane tana komawa baya, satar wuta ce za ta fara zuwa masa a rai.

Wani ya ce "ajiyar wuta". Wannan aikin batir ne, kuma sunan ya riga ya zauna masa. Layin kamfani ba ya ajiye komai, abin da ka tura da azahar a take wani ya shanye shi.

"Musayar wuta" kuwa, Allah ya kiyaye. Duk mai sauraron labarai ya san inda ake musayar wuta, balle mu da ke kusa da iyaka.

Wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar hatsi, shi ya warware mana. Ya ce, "Yaro, Hausa ta raba aro da rance da bashi. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Rance kuwa, ka karɓi mudun gero ka ci, in Allah ya hore ka mayar da mudu, ba wanda zai tambaye ka nawa ake sayarwa a kasuwa ranar." Na ce, "Baba, ai ka gama magana." Kamfani ya ranci kilowat-awa 4 da rana, ya mayar da 4 da dare. Awo da awo, kuɗi bai shiga tsakani ba.

Abin da ya sa na nace a kan wannan kalma shi ne akwai tsari na biyu da ake yawan cakuɗa shi da na farko. A can kamfani ba ya rance, saye yake yi: ya karɓi rararka a farashin sari, ya sayar maka da ta dare a farashin kowa. Wannan sunansa daban, "sayen rara". A nan Kamaru kuɗin wutar gida yana farawa daga sefa 50 kan kilowat-awa ɗaya, dala goma ke nan a ƙirgenmu na sefa, ya hau har 99 ga mai sha da yawa. In rance ne, kowace kilowat-awa da ka tura tana da wannan darajar. In sayen rara ne, sai abin da aka yanka maka.

Kuma a kan wannan bambanci abincin mutane ke rataye. A jihar Nevada ta Amurka, a watan Disamba 2015, hukumar da ke kula da farashin wuta ta rage abin da ake ba masu sola, ta ƙara musu kuɗin wata. Cikin 'yan makonni kamfanin SolarCity ya sanar da rage ma'aikata 550 a jihar, wasu kamfanonin suka tattara nasu ya nasu. Sai a 2017 majalisar jihar ta dawo da tsarin, a kan kashi 95 cikin 100 na farashin ga waɗanda suka fara shiga. Kalifoniya ma a Afrilu 2023 ta koma sayen rara, darajar wutar da ake turawa ta faɗi da kusan kashi 75 cikin 100.

Kamfanonin wuta ba su rasa hujja ba, kar mu zalunce su. Waya da turaku da taransifoma duk kuɗi ne, kuma wutar azahar ba ta kai ta magariba tsada ba, lokacin da kowa ya kunna komai. Mu nan arewa mun san wannan a jikinmu. Madatsar Lagdo megawat 72 ce in ruwa ya cika, in Binuwai ta ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin sola na Marwa da Gidar, megawat 30 in an haɗa su lokacin da aka ƙaddamar da su a 2023, sun rage zafin abin, kuma su ma sai da aka haɗa musu manyan batura saboda dare.

Dokar lantarki ta Kamaru ta 2011 ta yi maganar haɗa masu samar da wuta daga rana da iska da makamantansu da babban layi. Duk ranar da ARSEL, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki, da kamfanin wuta za su zauna kan rufin talaka, tambayar da za mu yi da Hausa gajera ce: rance ne ko saye?

Dubi yadda aikin ke tafiya yau. Mai haɗawa ya rubuta wa maigida lissafi, maigida ya wuce farantai da waya ba ƙorafi, yana isowa kan kuɗin batir sai ya ninke takardar ya ce a bari sai bayan salla. Batirin nan kuma, musamman mai ruwa, zafin Maris da Afrilu na Garwa ba ya barinsa ya tsufa. Da akwai rance, mai injin niƙa ko mai ƙanƙara da ke aiki da rana zai iya farawa da ƙaramin batir, kuma kowane rufi aiki ne ga mai walda da ke haɗa ƙafafun ƙarfe, da mai jan waya, da yaron da ke hawa ya share ƙurar hunturu. Masu sayar da batir ba za su ji daɗin zancen nan ba, amma kar su damu sosai: in layi ya ɗauke, rance ma tsayawa yake, don injin da ke tura wuta kashe kansa yake yi kada ya kama ma'aikacin da ke kan turke.

Wata malama daga Ngaundere ta ja hankalina cewa rance yana da wa'adi. Gaskiyarta. A wasu ƙasashe abin da ka tura yana bin ka wata zuwa wata, shekara na cika a share. Sai mu ce "wa'adin rance", kalmar ta ɗauka ba tare da an matsa mata ba.

Saura ita mitar da ke ƙirga shiga daban, fita daban. An kawo "mita mai ido biyu", an kawo "mai ƙofa biyu". Ni na fi karkata ga ta biyu. 'Yan'uwa na Kusiri da Njamena, ku me masu aikin ke ce mata a wajenku?