Jan kwanon nan na Rumawa, me za mu kira shi da Hausa?

1/ Jama'a, duk gidan tarihin da ya tara kayan daular Rum, daga Landan har Tunis, za ka tarar da wasu jajayen kwanukan yumɓu masu sheƙi, jikinsu cike da siffofin mafarauta, zomaye da ganyen inabi. Masana na ce musu terra sigillata, wato yumɓu mai ƙananan siffofi a Latin. Ina neman sunan da Bahaushe zai ji ya gane.

2/ Kwano na ƙarfe ne, akushi na itace. Wasu za su ce tangaran, ni ban yarda ba. Tangaran ruwan gilashi ake shafa masa. Wannan kuwa tatacciyar laka ce mai laushi ake tsoma shi a ciki, a gasa da wutar da ta kai digiri 1,000, ya fito ja jawur yana ƙyalli. Ƙasa ce a kan ƙasa. Don haka kasko ya fi cancanta.

3/ Inda maganar take shi ne adon. Ba zana shi aka yi da tsinke a ɗanyen yumɓu ba. Magini yakan fara gina uwar kasko mai kauri, ya ɗauki ƙananan hatimai, wannan na zaki, wancan na ɗan dambe, ya bi cikinta yana dannawa, sannan ya gasa ta. Daga nan sai a danna sabon yumɓu a cikinta ana juyawa. In ya sha iska ya ɗan tsuke, sai ya saki da kansa, adon ya fito tudu-tudu, kana shafawa kana jinsa a yatsa. Uwa ɗaya ta haifi kasake masu yawa iri guda. Sau da yawa har sunan magini ake bugawa a cikin gindin.

4/ Shi ya sa na tsaya a kan "jan kasko mai hatimi". Sunan ya faɗi launi, ya faɗi abin da aka yi shi da shi, ya faɗi yadda aka yi.

5/ Na san za a ce kasko bai da daraja, na suya ne da turaren wuta. To ai waɗannan ma ba kayan sarakuna ba ne. An fara su a Arezzo ta Italiya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sana'ar ta koma La Graufesenque da Lezoux a Faransa ta yau. A La Graufesenque maginan sun bar lissafinsu a karce a jikin faranti, abin da ake gasawa a lokaci ɗaya kan kai guda dubu 30. A Pompeii ta Italiya, wadda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79 Miladiyya, an tono akwati da kasake 90 daga kudancin Faransa, ko kwance su ba a yi ba. Kayan kasuwa ne, soja da ɗan kasuwa ke cin abinci a ciki.

6/ Danginsu da aka gasa a Tunisiya sun shigo Sahara, an samu tsingaronsu a Fezzan ta Libiya.

7/ Abu guda ya rage. Akwai lafiyayyu marasa ado, su "jan kaskon Rumawa" ya wadatar. Amma tsakanin hatimi da tambari, wanne ya fi zama a kunne? Ni na zaɓi hatimi saboda dannawa ake yi, tambari kuwa yanzu ya tafi ga alamar kamfani. Masu ginin tukwane da 'ya'yansu, me kuke kiran abin da ake danna ado da shi a garinku?